Shin Ko Kun San? Lambobin Wayar da Ba Su da Gari

Shin ko kun san a Kamaru akwai lambar wayar da ke faɗin garinsu, akwai kuma wadda ba ta da gari ko kaɗan? Lambar wayar girke da ta fara da 222 27 ta Garwa ce. Wadda ta fara da 222 25 ta Ngaundere ce, 222 29 kuma ta Marwa. Duwala da yankunan yamma suna amfani da 233. A da, ɗan kasuwa na ganin lamba a kan takardar kamfani ya san garin da zai je ya sami mai ita. To amma 117 fa, ko 1510, ko 8010? Mutumin Tignère ta yankin Adamawa zai buga su, na Kuseri ma zai buga, na Yawunde haka nan, kuma ba wanda zai ce lambar ta garinsu ce. Irin waɗannan lambobi farashinsu ba ya bin nisa, ba ya bin gari. Abin da ke yanka shi yarjejeniya ce tsakanin mai lambar da kamfanin waya, sai kuma dokar ƙasa.

Ko kun san 27 ɗin nan na Garwa ya girmi yawancin masu riƙe da waya a yau? Can baya lambobin Kamaru guda shida ne, na Garwa suna farawa da 27. A 2001 aka mai da su bakwai, a 2007 suka zama takwas, a watan Nuwamba na 2014 kuma suka zama tara. A wannan sauyi na ƙarshe ne aka liƙa 6 a gaban kowace lambar salula, aka liƙa 2 a gaban ta girke. Duk sauyin nan yawan jama'a ne ya kawo shi: lambobi suna ƙarewa kamar kowace dukiya. A duniya baki ɗaya ma akwai iyaka. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, mai mazauni a Janeba, ta ce lamba ba za ta wuce alƙaluma 15 ba, har da lambar ƙasa. Ita ce ta ba Kamaru 237, Najeriya 234, Chadi 235, Nijar 227.

Shin kun san lambar da ke cikin wayarku ba taku ba ce, kuma ba ta kamfanin da ya sayar muku da layi ba ce? Ta ƙasa ce. Lamarin ya yi kama da rumfunan kasuwa: fili na hukuma ne, ita ke yanka wa kowa nasa, ita ke karɓar kuɗin zama, kuma tana da ikon karɓewa idan an saɓa sharaɗi. A Kamaru mai wannan aiki ita ce hukumar ART, wadda dokar 14 ga Yuli 1998 ta kafa. A ranar 21 ga Disamba 2010 aka yi sabuwar dokar sadarwa da ta maye gurbin waccan, aka kuma yi mata gyara a 2015. Hukumar ART ke tsara jadawalin lambobi, ita ke raba su ga MTN da Orange da Camtel da Nexttel, ita kuma ke ba banki ko ma'aikata ko gidan rediyo gajeriyar lamba idan sun nema. Tana da ofishi a Garwa mai kula da yankunan arewa uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Mutumin Tignère da ke da ƙorafi, ofishin da ya fi kusa da shi ke nan.

Kun kuwa san babu kiran da ba a biya? Ana cewa kira kyauta ne, amma na'ura ta yi aiki, injin wuta ya sha mai a gindin eriya, ma'aikaci ya karɓi albashi. A kira na yau da kullum, mai bugawa ke biya. A lambar kyauta, wadda a Kamaru ake ce wa koriyar lamba kamar yadda ake faɗa a Faransa, lissafin ne ake juyawa: wanda aka kira shi ke biya, minti bayan minti. Idan kuma layinku na wani kamfani ne, lambar tana hannun wani, to kamfanonin biyu za su yi lissafi a tsakaninsu. Kuɗin da kamfani ke biyan ɗan'uwansa don ya isar masa da kira ba a barin su su yanka yadda suka ga dama. Kowanne yana miƙa wa ART jadawalin farashinsa, sai ta amince kafin ya fara aiki. Talaka ba ya ganin wannan lissafi, amma shi ne ƙashin bayan kuɗin da ake cire masa.

Ko kun san kafin a ƙirƙiro lambar kyauta sai mutum ya roƙi ma'aikaciyar gidan waya ta tambayi wanda ake nema ko ya yarda ya biya? A 1967 kamfanin AT&T na Amurka ya fito da lambobi masu farawa da 800, kira ya riƙa wucewa kai tsaye ba tare da kowa ya sa baki ba. Otal-otal da kamfanonin jiragen sama suka yi rububinsu. Da 800 ta cika aka buɗe 888 a 1996, sai 877 a 1998, sai 866 a 2000, har aka kai ga 833 a 2017. Ingila ta buɗe nata 0800 a 1985.

Shin ko kun san lambar gaggawa ta farko a duniya a Landan aka buɗe ta? Ita ce 999, a shekarar 1937, bayan wata gobara da ta kashe mata biyar shekara biyu kafin nan, inda maƙwabci ya yi ta neman gidan waya ya kasa samun shiga. Amurka ta fara amfani da 911 a 1968 a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a jihar Alabama. Ƙasashen Tarayyar Turai suka amince da 112 a 1991. A Kamaru, 117 ta 'yan sanda ce, 113 ta jandarma, 118 ta 'yan kwana-kwana, 119 ta motar ɗaukar marasa lafiya. Doka ta wajabta wa kamfanoni su isar da kiran gaggawa ba tare da cajin ko dala ba, ko da babu kiredi a layin.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin kiran gaggawa ma sai da rezo yake tafiya. Faro da Deyo, a cikin Adamawa, yanki ne na duwatsu da makiyaya. Gundumominsa huɗu ne: Tignère, Galim-Tignère, Mayo-Baleyo da Konca. Wanda ya san hanyoyin da ke bi ta gindin Cabbal Mbabbo ya san akwai wuraren da waya ke zama ƙarfe kawai a aljihu, sai an hau tudu ko an matsa kusa da gari kafin rezo ya dawo. Mutanen Adamawa ba su manta da shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi makiyaya ba, musamman wajen 2018 da 2019, lokacin da iyalai da yawa suka bar rugage suka koma cikin gari, wasu suka sayar da garke don fansar ɗan'uwa. A irin wannan dare, lambar jandarma kyauta ce a takarda, amma kyautar ba ta isa ga wanda babu eriya kusa da shi. An ƙera salula ta yadda za ta gane 112 ko da a kulle take, kuma a ƙasashe da yawa tana kama rezon kowane kamfani da ta samu don ta isar da kiran. Inda babu ko ɗaya, babu abin da zai fita. Dokar Kamaru ta tanadi asusu na musamman na sadarwa, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi 3 cikin ɗari na cinikinsu, kuma daga cikin manufofinsa akwai kai sadarwa wuraren da ɗan kasuwa ba zai je don riba ba. A ganina rugagen Faro da Deyo suna cikin waɗanda suka fi cancantar wannan kuɗi.

Ko kun san gwamnati da hukumominta suna da korayen lambobi da dama? A lokacin annobar korona ta 2020, 1510 ce ma'aikatar lafiya ta riƙa shelantawa a rediyo dare da rana. Hukumar yaƙi da cin hanci, CONAC, wadda aka kafa a 2006, ta buɗe 1517 a 2018. Rundunar 'yan sanda tana da 1500, jandarma suna da 1501 don kai ƙarar ma'aikacin da ya nemi na goro a hanya. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam tana da 1523. Hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet tana da 8202, ga wanda aka damfara ta waya ko ta Facebook. Mutumin Yawunde zai iya shiga tasi ya je waɗannan ofisoshi da ƙafarsa. Mutumin Tignère sai ya hau mota zuwa Ngaundere, ya jira jirgin ƙasa na dare, ya kwana a hanya, ya ci abinci, ya nemi masauki. A wurinsa wannan gajeriyar lamba ita ce ofishin gaba ɗaya. Shi ya sa idan an buga ba a ɗauka ba, ko aka bar mutum yana sauraron kiɗa har cajin wayarsa ya ƙare, asarar ta fi ta ɗan birni nauyi.

Shin kun san gajartar lamba ba ta nufin kyauta ce? Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Lambobi masu alƙaluma huɗu da ke farawa da 8 sun cika allunan talla a Kamaru. Wasu na kyauta ne, wasu ana cajin su kamar kira na yau da kullum, wasu kuwa kuɗinsu ya ninka. Gasar kacici-kacici, zaɓen mawaƙi ta saƙon tes, sakamakon ƙwallo, waƙar da mai kiranku ke ji kafin ku ɗauka, duk ta irin waɗannan lambobi ake sayar da su. Kuɗin da aka cire ana raba shi ne: kamfanin waya ya ɗauki kasonsa, dillalin da ya haɗa na'ura ya ɗauki nasa, mai hajar ya karɓi saura. Kowa a cikinsu yana cin riba idan kun daɗe a kan layi ko kun manta kun yi rajista. Kuka mafi yawa da ake ji a bakin mai sayar da kiredi a ƙarƙashin lema shi ne na wanda ya sa ɗari biyar da daddare, ya wayi gari ya tarar an zaftare, bai kira kowa ba. Sau da yawa wani saƙo ne ya faɗo a fuskar waya da Faransanci, yatsa ya danna amincewa, aka shiga cire kuɗi kullum.

Ko kun san siyasa ce ta fara tallata lambobi masu tsada? A watan Oktoba na 1980, bayan muhawarar Jimmy Carter da Ronald Reagan, gidan talabijin na ABC ya ba Amurkawa lambobi masu farawa da 900 su buga su faɗi wanda ya yi nasara, kowane kira santi 50. Ɗaruruwan dubban mutane suka buga. 'Yan kasuwa suka ga kuɗi a fili. Cikin shekara goma abin ya cika da masu duba, da masu zancen banza, da masu yaudarar yara su buga ba da sanin iyaye ba. A 1992 majalisar dokokin Amurka ta yi doka, a 1993 ƙa'idojinta suka fito: dole a faɗa wa mai kira farashi tun da farko, a ba shi damar kashe waya kafin a fara caji, kuma an hana tallata irin waɗannan lambobi ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 sai in na ilimi ne.

Shin ko kun san a Ingila an yi shekaru ana cajin mutane kuɗin kiran lambar da aka rubuta mata kyauta? Daga wayar girke 0800 kyauta ce, daga salula kuwa kamfanoni da yawa suna caji. Wanda ya fi shan wahala shi ne talakan da ba shi da wayar girke a gida, kuma shi ne ya fi bukatar kiran ofishin tallafi. Hukumar Ofcom ta kawo ƙarshen wannan a ranar 1 ga Yuli 2015: 0800 da 0808 suka zama kyauta daga kowace irin waya. A ranar ce kuma aka raba kuɗin lambobi masu farawa da 084 da 087 da 09 da 118 gida biyu. Akwai kuɗin shiga, wanda kamfanin wayarku ke yankawa kuma dole ya sanar da ku. Akwai kuɗin aiki, wanda mai lambar ke yankawa kuma dole ya rubuta a duk inda ya tallata lambar. An sa wa kowane rukuni rufi: fam 3.60 a minti shi ne ƙololuwar kuɗin aiki a lambobin 09. Tun 2007 kuma suna da lambobin 03, waɗanda ba su da gari amma doka ta ce kuɗinsu ba zai wuce na kiran gida ba. Asibitoci da ma'aikatun gwamnati da yawa sun koma kansu.

Faransa kuwa da launi ta warware nata, kuma tsarinta ya fi shafar mu, tunda da yawa daga dokokin sadarwar ƙasashen da ke amfani da Faransanci suna kallon nata. Daga 1 ga Oktoba 2015, lambar da aka rubuta cikin kore kyauta ce. Wadda aka rubuta cikin ruwan toka kuɗinta na kiran yau da kullum ne. Wadda aka rubuta cikin ja mai ruwan hoda tana da ƙarin kuɗi. Lambobin 081 ba sa wuce santim 6 a minti, 082 santim 20, 089 kuwa har santim 80. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, santim 80 ya kai wajen sefa 525 a minti guda. Kafin a fara cajin kira mai ƙarin kuɗi, dole murya ta faɗi farashi, kuma wannan sanarwa ba a biyan ta. Tun 2008 doka ta hana kamfani ya ba abokin cinikinsa lamba mai tsada don kai ƙorafi a kan abin da ya riga ya saya, daga Janairun 2021 kuma aka hana ma'aikatun gwamnati amfani da su. Kotun Tarayyar Turai ta ƙarfafa wannan hanya a watan Maris na 2017, a wata shari'a da ta taso daga Jamus: lambar taimakon mai saye ba za ta fi kiran gida tsada ba. Hujjar a fili take. Wanda aka sayar wa kaya mara kyau bai kamata ya sake biya don ya yi kuka ba.

Ko kun san maƙwabtanmu na Najeriya sun haɗe gajerun lambobinsu? A da kowane kamfani yana da tasa lambar duba kuɗi da ta sa kati, mai layi uku sai ya haddace shida. A 2023 hukumar NCC ta mai da su bai ɗaya: 310 duba kuɗi, 311 sa kati, 312 sayen data, 300 kiran kamfani, ko wane layi ke hannun mutum. Tana da 622 don kai ƙarar kamfanin waya kyauta, tana kuma da 2442, wadda ta buɗe a 2016, inda mutum zai tura saƙo a daina damunsa da tallace-tallace. A can 0800 kyauta ce, amma 0700 da bankuna da kamfanoni ke yawan bayarwa mai kira ke biya, kuma mutane da yawa suna rikita su. Su ma suna da lambobin gari na tarihi: 064 Kano, 065 Katsina, 060 Sakkwato, 069 Zariya, 075 Yola.

Shin kun san kyautar lamba tana tsayawa a bakin iyaka? Konca na kallon Toungo ta jihar Adamawa a Najeriya. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, fatauci ɗaya, shanu suna ƙetarawa da dawowa. Amma koriyar lambar Kamaru ba za ta shiga daga layin Najeriya ba, ta Najeriya ma haka daga wannan gefe, domin mai lambar ya yi alkawarin biyan kiran cikin gida ne kawai. Wani lokaci ma wayar da ke bakin iyaka takan kama rezon ƙasar maƙwabta da kanta, mutum yana zaune a gidansa ana lissafa shi a matsayin matafiyi. Ƙungiyar CEMAC, wadda ta haɗa Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya da Gabon da Kongo da Ikwatoriyal Gini, ta ɗauki matakin soke ƙarin kuɗin romin a tsakanin ƙasashenta, har hukumominsu suka sa hannu a Duwala a 2021. ECOWAS ma ta amince da nata tsarin a 2017. Sai dai Kamaru ba ta cikin ECOWAS, Najeriya ba ta cikin CEMAC, ga shi kuma iyakar da ta fi shafar mutanen Faro da Deyo ita ce wannan.

Alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin Garwa su lura da wannan. A Saudiyya lambobin 800 kyauta ne daga layin ƙasar, masu farawa da 9200 kuwa ana biya. Wanda ya je da layin Kamaru ya buga ɗaya daga cikinsu, lissafinsa daban ne, idan ma ta shiga. Akwai lambar kyauta ta duniya baki ɗaya, mai farawa da +800, wadda ITU ke rabawa, amma tana aiki ne kawai a ƙasashen da mai lambar ya biya aka buɗe masa.

Ko kun san akwai lambobin da ba su da ƙasa ma, ba gari kaɗai ba? Masu farawa da +881 na wayoyin tauraron ɗan'adam ne irin su Iridium. Thuraya, wadda direbobin Sahara suka sani sarai, tana ƙarƙashin +882. Inmarsat ta jiragen ruwa tana da +870. Kiran irin waɗannan lambobi yana cikin mafi tsada a duniya. A kan wannan tsada ne 'yan damfara suka gina sana'a: na'ura ta buga dubban layuka, ta bari ya yi ƙara sau ɗaya ta kashe. A ƙasar da bip ya zama al'ada, inda ƙane ke yi wa yayansa bip don a kira shi, mutum na ganin kiran da ya rasa zai mayar. Yana mayarwa ya faɗa lamba mai tsada ta wata ƙasa, a riƙe shi da kiɗa ko da muryar da ke cewa ya ci kyauta, kiredinsa yana zuba, wani kaso yana tafiya aljihun mai lambar. A Japan aka fara ganin wannan dabara tun farkon shekarun 2000. Duk lambar da ta fara da alamar tarawa ba 237 ke biye ba, kuma ba ku da kowa a ƙasar, ku bar ta. Mai nemanku da gaske zai sake kira.

Shin kun san *126# da #150# su ma lambobi ne marasa gari? Ta farko ta kuɗin salula na MTN ce, ta biyu ta Orange Money. A garin da banki ya yi nisa, su ne ma'ajiya, su ne hanyar aika kuɗin makaranta zuwa Ngaundere, su ne hanyar karɓar kuɗin shanu bayan cin kasuwa. Daga Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta sa harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan aikawa da cirewa, ban da kuɗin aikin kamfani. A kan kira kuma akwai harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari. A Najeriya rigimar wa zai biya kuɗin irin wannan lamba, banki ko kamfanin waya, ta ɗauki shekaru, har a watan Maris na 2021 aka tsayar da naira 6.98 a kan kowane shiga, aka ɗora wa mai asusu.

Ko kun san farkon lambar salula ya daina zama shaida? An saba 67 ta MTN ce, 69 ta Orange, 66 ta Nexttel. Tun Satumban 2017 doka ta ba mutum damar sauya kamfani ya tafi da lambarsa, abin da Najeriya ta fara a 2013. Wanda ya sayi garaɓasar kira tsakanin layi ɗaya zai iya buga lamba mai 67 ya tarar an caje shi kuɗin kiran wani kamfani.

Kun tuna watan Afrilu na 2023? A lokacin ne 'yan Kamaru suka riƙa sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu, don nuna fushi a kan tsada da rashin ingancin rezo da kuɗin da ke ɓacewa. Ministar gidan waya da sadarwa, Minette Libom Li Likeng, ta kira kamfanonin taro. A watan Mayu hukumar ART ta ci tarar kamfanoni huɗu jimillar sefa biliyan 6 saboda rashin ingancin aiki. Ba a fito titi ba, ba a jefi kowa ba, awa biyu kawai aka hana kamfanoni ciniki, kuma an ji.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lissafi shi ne harshe. Dokar da ta ce a faɗi farashi doka ce mai kyau, amma da wane baki ake faɗa? Saƙon yana zuwa da Faransanci ko Turanci, a rubuce, cikin ƙananan baƙaƙe. A kasuwar Tignère Fulatanci ake ciniki da shi, da Hausa, kuma dattijai da mata da yawa ajami suka iya ko karatun allo, ba boko ba. Wanda bai fahimci abin da aka rubuta ba, ba a ce ya yarda don yatsansa ya taɓa madanni. Kamfanin da ya iya shirya talla da Fulatanci a gidan rediyon Garwa don ya sayar da layi, zai iya naɗar murya ta daƙiƙa goma da Fulatanci da Hausa tana cewa wannan kira sefa kaza ne a minti, wanda bai so ya kashe. Zai iya turo saƙo na biyu yana tambaya ko da gaske an amince kafin a fara cire kuɗin kullum. Zai kuma iya ba da lamba ɗaya tak da za a danna a soke duk wata rajista da ke kan layi. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke bukatar sabuwar na'ura, umarnin hukuma kawai suke jira.

Shin ko kun san ita kanta ART tana da koriyar lamba? Ita ce 1515. Ƙa'ida ita ce mutum ya fara kai kukansa ga kamfaninsa, ya riƙe ranar da abin ya faru, da adadin da aka cire, da gajeriyar lambar da saƙon ya fito daga gare ta. Kada a goge saƙon, shi ne shaida. Idan kamfani bai share hawaye ba, sai a buga 1515 ko a rubuta takarda zuwa ofishin hukumar da ke Garwa. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ko maƙwabcinsa zai iya rubuta masa, ya sa hannu ko ya dangwala.